Rawar Sitiyari a Kan Kwalbati

Ranar hutu aka sace injin ban-ruwa a gonar da mijina ke yi wa manaja, kuma kafin hantsin washegari mutane sun riga sun gama shari'a, sun ce ƙanena ne. Matarsa ce ta faɗo mini gida ba ko sallama, goyo a baya, ta ce an kulle Auta a sito. Na tashi daga kan keken ɗinki da zare a bakina, na zari mayafi na bi ta.

Gonar babba ce, ta kayan lambu, a bakin kogi, an kewaye ta da waya an bar ƙofa ɗaya. Injin nan shi ne ranta. Ba irin ƙananan da ake ɗaurawa a bayan babur ba ne, ƙato ne da sai an ja shi sama da sarƙar da ke rataye a rumfa kafin a sauke shi a bayan mota. Motar kuwa guda ce a gonar, wata ƙatuwar akori-kura mai manyan tayoyi, kuma Auta ne direbanta. Da safe aka tarar da ita a inda take kwana, tayoyinta caɓe da laka, rumfa kuma wayam. Makulli yana aljihun Auta. Ɗayan makullin, in ji mijina, ya daɗe da ɓata. Shi kuma Auta ya ce jiya yana can ƙasan kogi yana kamun kifi shi kaɗai, babu wanda ya gan shi sai kifayen.

Na tarar da ma'aikata sun yi cirko-cirko a tsakar gona, kowa ya zama alƙali. Wannan ya ce da ma ya lura idon yaron ya fara buɗewa, wancan ya ce da ɗan gari kan ci gari. Har waɗanda Auta ke rage wa hanya kullum a bayan motar nan suna cikin masu gyaɗa kai. Ni na goyi yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarmu, na san halinsa ciki da bai. Yana da taurin kai, yana da baki, amma ko allurata bai taɓa ɗauka ba tare da ya tambaya ba.

Mai Gona dattijo ne, ba mugu ba, sai dai ransa ya ɓaci ƙwarai, don shukar nan in ta yi 'yan kwanaki ba ruwa ta tafi ke nan. Ya ce mini ya ba Auta zuwa faɗuwar rana. In injin bai fito ba, zai kira 'yan sanda su tafi da shi. Na san abin da hakan ke nufi. Ko da an sake shi daga baya, babu wanda zai ƙara miƙa masa makullin mota a faɗin yankin nan, kuma tuƙi shi ne kaɗai abin da ya iya.

Mijina, wanda kowa ke ce wa Manaja ni kuma nake ce wa Baban Yara, ya ja ni gefe. Ya ce shi ya samar wa Auta aikin nan, yanzu ga shi ya zubar masa da mutunci, in koma gida kawai zai san yadda zai lallaɓa Mai Gona. Na ce to. Amma da na fita ƙofa ban nufi gida ba, gidan Baba Mai Sawu na nufa.

Baba Mai Sawu tsohon mai gadin daji ne, shi ake ɗaukowa in an kora shanu ko an fasa rumbu. Ga iya aiki, ga jin kai, ga mita kamar an aiko shi. Ya sa na maimaita labarin sau biyu yana kallona ta gefen ido, sannan ya ce shi bai san mota ba kuma ba ya son ya sani, amma duk abin da ya taka ƙasa nasa ne.

"Ƙasa ba ta ƙarya, 'yata," ya ce yana neman sandarsa. "Masu taka ta ne maƙaryata, kuma ban cire ki ba. In sawu ya kai ni ga ƙaninki, zan faɗa a gabanki."

Na ce na yarda.

Da muka isa, sai da ya fara wanke ma'aikatan tas saboda sun tattake tsakar gonar kamar garken awaki. Mai Gona bai hana shi aiki ba, ya ce ya duba duk abin da yake so. Allah ya taimake mu an yi ruwa jiya da safe ya ɗauke kafin azahar, don haka ƙasa ta riƙe komai. A ƙarƙashin sarƙar rumfa ya sami sawun mutum ɗaya tak, sanye da dogon takalmin roba. Na fara murna, sai ya nuna mini jerin irin takalman a jingine a bangon sito, duk wanda zai shiga lambu yakan zura ɗaya. A gaban inda motar ke kwana kuma ya ga wani abu daban. Wani ya kwanta rigingine a wurin, ga shatin bayansa, ga ɗigon baƙin mai, kuma tayar motar ta bi ta kai daga baya.

Maigadi muka fara tambaya. Ya rantse ya maya cewa bai ɗaga daga bakin ƙofa ba tun safe har dare, ko ƙuda bai wuce shi ba. Baba ya bar shi ya gama rantsuwar, sannan ya nuna masa sawun keke da ya fita ta ƙofar, da kuma inda ya dawo ya hau kan sawun motar. Ya tambaye shi ko keken ne ya fita shan iska shi kaɗai. Maigadi ya sunkuyar da kai, zufa ta keto masa. Ya ce mahaifiyarsa ya kai asibiti, ya bar ƙofa a saye ba kwaɗo, bai dawo ba sai yamma, ya ga mota a wurinta bai leƙa rumfa ba. Ya ce Manaja ne ya ba shi izini tun shekaranjiya, ya kuma ce kada ya gaya wa Mai Gona don kada a yi masa faɗa. Wanda ya kwanta a ƙarƙashin motar kuwa bakanike ne, ya zo bayan ruwa ya ɗauke, ya ɗan taɓa wani abu ya tafi tun kafin shi Maigadi ya fita.

Na ce a raina, ka ji Baban Yara da tausayi. Baba dai ya daɗe yana kallon Maigadi, irin kallon da ke sa mutum ya fara tuna laifin da ya yi tun yana yaro. Da muka matsa ya ce mini wanda ya bar ƙofa a buɗe da wanda ya shiga ta ƙofar sau da yawa sun san juna.

Muka bi sawun motar a ƙafa. Hanyar ƙasa ce daga gonar zuwa titi, kuma Baba yana tafe yana gunaguni cewa taya ba ta da mutunci, ba ta da dunduniya ba ta da yatsu. Duk da haka ya karanta ta. Ya nuna mini yadda tayoyin baya suka nutse saboda nauyin kaya, da yadda laka ta fantsama har kan ciyawar gefe, ya ce wanda ya fita da motar nan gudu yake yi sosai.

A tsakiyar hanya akwai kwalbati, bakinsa ya zaizaye ya bar wani tudu na siminti. Nan Baba ya tsaya cak. Kafin kwalbatin sawun a miƙe yake sar. Bayansa kuwa tayoyin gaba sun shiga kaiwa da komowa, dama hagu, dama hagu, sun kwakkwashe ƙasar kamar maciji ya yi birgima. Can gaba aka taka birki da ƙarfi, motar ta ja ta karkace, saura kaɗan ta faɗa rami.

Baba ya durƙusa a inda ta tsaya. Mai takalmin roban ya sauko, ya yi tangaɗi, ya nufi wani kududdufi a gefen hanya ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune, don kan takalman sun nutse sosai. A bakin ruwan akwai shatin tafin hannu guda, na hagu, inda ya dogara.

"Hannun dama yana cikin ruwa," Baba ya ce. "Ba wanka ya tsaya yi da kayan sata a baya ba. Wani abu ya ji masa ciwo."

Daga nan motar ta ci gaba a hankali har titi, inda kwalta ta cinye sawun. Da muka juyo ya nuna mini sawun dawowa. Babu fantsamar laka, kuma da aka iso kwalbatin an rarrafa ne, an kauce wa tudun. Ya ce da fita mutumin bai san halin motar ba, da dawowa ya riga ya sha karatu. Na ce ai shi ke nan, Auta shekara da shekaru yana bin hanyar nan, ya san kwalbatin nan kamar yunwar cikinsa. Baba ya watsa mini ruwan sanyi. Ya ce ɓarawon da ke sauri yakan manta abin da ya sani, kada in fara guɗa tun yanzu.

Garejin bakaniken yana bakin titi. Da ya hango mu sai ya shige ƙarƙashin wata mota, ya ce aiki ya yi masa yawa. Baba ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce shi ba ya sauri, ya kuma tambaye shi me ya kai shi gonar mutane ranar da babu kowa. Ya fara cewa bai je ba. Da aka ambaci shatin bayansa da ɗigon mai, ya ce ya je ɗauko sifana da ya manta. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ƙanena yana kulle a sito shi yana nan yana mana wasa da hankali, kuma in bai faɗa mana ba zai faɗa wa 'yan sanda. Sai ga shi ya fito yana goge hannu.

Ashe motar ta daɗe da ciwo. In tana ɗauke da kaya tana gudu ta daki tudu ko rami, sai sitiyarin ya kama rawa. Auta ya yi ta ƙorafi har aka kawo ta garejin. Bakaniken ya ce asalin ciwon yana jikin wani ƙarfe da ke riƙe ƙafafun gaba kada su yi gefe, robar bakinsa ta cinye, ga tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, shi ma ya yi sako-sako. Ya nemi kayan bai samu ba, kuma kunya ta hana shi cewa ya kasa. Sai ya ɗaura wa sitiyarin sabon shoka, wanda ke danne rawar ba tare da ya warkar da ita ba, ya ce wa Manaja an gyara. Manaja ya zagaya da ita tsakar gona babu kaya, ya ji shiru, ya ce madalla. Abin ya tsaya wa bakaniken a rai, shi ya sa jiya ya lallaɓa ya ƙara ɗaure notuna.

Baba ya tambaye shi ko shi zai haye kwalbatin nan da gudu da injin a baya.

"Ni da na san abin da ke ƙarƙashinta?" ya ce. "Ai ko hauka nake, Baba, ina da 'ya'ya."

Muka kama hanyar komawa gonar. Na tuna yadda aka yi ta wannan gardama a tsakar gidana. Auta ya ce motar ba ta gyaru ba, Baban Yara ya ce ƙarya yake, lalaci ne, yana ƙirƙiro rawar ne don ya riƙa jan ƙafa a hanya, ai shi da kansa ya tuƙa ta lafiya lau. Na kori tunanin. Mutum nawa ne suka ji an ce an gyara? Duk gonar ta ji.

Siton yana da wata 'yar taga mai ƙarfuna. Auta ya leƙo, idonsa ya yi ja, ya ce, "Yaya, kin ci abinci kuwa?" Shi da ke kulle shi ke tambayata. Na ce ya rufe mini baki ya amsa abin da Baba zai tambaye shi.

Baba ya ce ya kwatanta masa rawar nan. Auta ya ce ba rawa ba ce, farfaɗiya ce. Sitiyarin yakan fizge dama da hagu da ƙarfin da mutum ba zai iya riƙewa ba, gaban motar duka ya ɗauki karkarwa har haƙora su riƙa haɗuwa. Ya ce wanda bai sani ba yakan danne sitiyarin ya taka birki da ƙarfi, kuma hakan ne ke kai mutum rami. Abin yi shi ne ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe ta sako-sako, ka bar ta ta rage gudu da kanta har ta huce. Shi dai tun da ta fara, a giya ta ɗaya yake hawa kwalbatin nan, ko ana korarsa da wuta. Ya ƙara da cewa abu na farko da maigidansa na tuƙi ya koya masa a babbar mota shi ne kada ya kuskura ya zura babban yatsa cikin sitiyari, a waje ake ajiye shi. 'Yan ƙananan motoci ne ke zurawa, sun saba.

Baba ya ce in an zura fa, rawar ta taso?

"Ya targaɗe ke nan, in bai karye ba."

Baba ya ce ya miƙo hannayensa ta tagar. Ya miƙo, lafiya lau, sai kantar aiki.

Ni kuwa sai na dafa bango. Jiya bayan ruwa ya ɗauke Baban Yara ya fita, ya ce zai je gaida wani abokinsa. Bai dawo ba sai yamma, babban yatsansa na dama ya kumbura suntum. Ya ce babur ne ya faɗo masa yana jingine shi. Ni na ɗora ruwan zafi, ni na gasa masa, ni na shafa masa man zafi ina yi masa sannu. Yau da safe ya saka riga mai dogon hannu, kuma tun da na zo gonar nan hannunsa na dama bai fito daga aljihu ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Baba ya tambaye ni ko na tuna wani abu. Na ce a'a, rana ce ta buge ni. Ya dube ni ya ce to, ya wuce.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya sa aka tara mu a rumfar da babu injin. Mai Gona yana kan kujera, Baban Yara a tsaye a gefensa, ga Maigadi, ga bakaniken da aka aika aka kira, aka kuma fito da Auta. Ma'aikata suka yi dafifi a waje.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri. Ya ce Maigadi ya yi ƙarya kuma ya bar ƙofa, amma sawun kekensa ya tafi asibiti ya dawo, kuma ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Bakanike ya yi ƙarya biyu, ɗaya yau ɗaya ranar da ya ce an gyara, kuma Mai Gona ya ji wannan da kunnensa, ya harari mutumin har ya rasa inda zai sa kansa. Sannan Baba ya faɗi abin da ya gani a kwalbati. Ya ce mutum biyu ne suka san motar ba ta warke ba, wanda ya ɓoye ciwon da wanda ke fama da shi kullum, kuma babu ɗayansu da zai afka wa tudun nan da gudu. Wanda ya fita da injin ya yarda da zuciya ɗaya cewa an gyara ta, ya riƙe sitiyarin irin riƙon ƙaramar mota, ita kuma ta ba shi amsa a hannun dama. Ya ce kowa ya buɗe hannayensa.

Kowa ya buɗe. Baban Yara ya yi 'yar dariya, ya ce wannan wane irin wasan yara ne. Mai Gona ya ce ya buɗe kawai a wuce wurin. Ya zaro hannun a hankali. Yatsan ya ƙara kumbura, ya yi baƙi.

Kowa ya zuba wa yatsan ido. Amma Baban Yara bai girgiza ba, ya iya magana, da ita ya ci aikin manaja. Ya ce ƙofar ofis ce ta datse shi yau da safe cikin ruɗanin nan. Ya ce shekarunsa nawa yana riƙe da gonar nan ko tumatir ɗaya bai ɓata ba, yanzu don wani tsoho ya ga shatin hannu a kududdufi sai a ɗora masa sata? Makulli yana hannun wa? Ya ce jiya shi ko ƙofar gida bai leƙa ba, yana kwance yana hutawa.

Mai Gona ya dubi Baba. Baba ya ɗaga kafaɗa ya ce gaskiya ƙasa ba ta rubuta suna, takalmin na kowa ne, kuma ƙofa ma takan datse yatsa. Iyakar abin da ya gani ke nan, ba zai ƙara da abin da bai gani ba. Na ga fuskar Mai Gona ta fara saki, don ba ya son ya yarda, wa zai so? Ya dubi rana, ya dubi Auta, ya laluba aljihu ya fito da waya.

Sai Baban Yara ya juyo gare ni, da muryar nan tasa ta cikin gida.

"Ga matata nan. Maman Yara, gaya musu inda nake jiya."

Duk idanu suka dawo kaina. Shekarunmu da yawa da mutumin nan, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, to ni hannaye biyu aka ajiye mini, aka ce in zaɓa. Na dubi Auta. Ya riga ya gane, na gani a idonsa. Ya girgiza mini kai kaɗan.

"Yaya, ki yi shiru," ya ce a hankali. "Ki tuna yara. Ni zan iya."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Yaron da aka kulle tun safe ba ci ba sha yana neman ya tafi gidan yari don aurena ya zauna, wanda ya kulle shi kuma yana tsaye yana jiran in yi masa shaidar zur. Raina ya ɓaci har na daina jin tsoro.

"Ba ya gida," na ce. "Ya fita bayan ruwa ya ɗauke, bai dawo ba sai yamma. Yatsan nan tun jiya yake haka, ni na gasa masa. Ni ce mini ya yi babur ne."

Ban ɗaga murya ba, amma har na waje sun ji. Baban Yara ya daɗe yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya zauna a ƙasa, a nan ƙarƙashin sarƙar. Bai ƙara musu ba. Ya ce injin yana can saman kogi a wata bukka, a wani fili da ya kama a ɓoye don ya fara lambun kansa, ya gaji da yi wa wani bauta. Makullin da ya ce ya ɓata yana wurinsa tun tuni. Na tambaye shi Auta fa, me ya yi masa? Ya ce ai ya san ba za su riƙe shi ba, in sun bincika ba su ga komai ba za su sake shi bayan 'yan kwanaki. Haka ya faɗa, kamar wanda ya ari tabarma zai mayar.

Mai Gona ya yi kiran da ya ce zai yi. Kafin 'yan sanda su iso ya tashi ya kama hannun Auta ya ba shi haƙuri a gaban kowa, masu gyaɗa kai ɗazu suka koma cewa da ma su sun san yaron ba zai aikata ba. Baba Mai Sawu ya ɗauki sandarsa. Da zai wuce ta gabana ya tsaya, na zaci zai yi mitar da ya saba, sai ya ce tun a bakin taga ya san na sani, kuma bai san ko zan faɗa ba. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya tafi.

Ban tsaya na ga tafiya da Baban Yara ba. Matar Auta ta biyo ni tana kuka tana godiya, na ce ta bari, ba abin godiya ba ne. Auta ya ce zai raka ni, na ce ya je ya ɗauko wa mutane injinsu kafin duhu, shuka na jiran ruwa.

Yarana suna bakin ƙofa, labari ya riga ya iso unguwa rabi da rabi. Babbar ta taro ni da gudu, ta tambaye ni ko an saki Kawu. Na ce an sake shi. Ta ce an kama ɓarawon da ya ja masa? Na ce an kama. Ta yi tsalle ta ruga ciki tana gaya wa ƙannenta, tana cewa bari babansu ya dawo su ba shi labari. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofar gidana, na rasa ƙafar da zan shiga da ita.